Shagunan littattafan zane: waya ce za ta kashe su, ko dama can da ciwonsu?

Baban Ikram:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai maganar da ta kwana biyu tana tsaye mini a rai, na ce bari in kawo ta nan mu tattauna. A watan Janairun 2025 kamfanin Diamond, wanda ya yi shekara sama da ashirin kusan shi kaɗai ke raba wa shagunan Amurka littattafan zane, ya je kotu ya ce bashi ya fi ƙarfinsa. Da na ga labarin sai na ɗaga kai na dubi 'yata. Shekararta goma sha uku, tana iya yin awa biyu tana karanta labarin zane a waya, yatsa na ta jan shafi sama, amma ko sau ɗaya ba ta taɓa ce mini Baba saya mini na takarda ba. Ni kuwa da ƙamshin takardar na tashi. To ina tambaya tsakani da Allah: nan da shekara goma, akwai sauran shagon da mutum zai shiga ya tarar da kwamik, wato littattafan zanen nan, jere a kanta? Ko mu haƙura kawai?

Tsohon Mai Shago:
Wa alaikumus salam Baban Ikram. Shekara tara na yi ina tsaron irin wannan shago, don haka ka ba ni dama in ɗan ja magana.

Mutane na ɗora wa waya laifi ne saboda ita suke gani. Ciwon ya girmi waya nesa ba kusa ba. Kafin shekarun 1970, a wurin masu sayar da jarida ake samun kwamik a Amurka, kuma abin da bai ƙare ba ana mayar wa kamfani. Sai wani malamin makaranta mai suna Phil Seuling ya kawo sabon tsari: a ba shago rangwame mai kauri, amma da sharaɗin duk abin da ya ɗauka ya zama nasa, babu mayarwa. A kan wannan sharaɗin aka gina duk shagunan da kuke gani. Kamfani ya huta da asara, mai shago ya ɗauke ta a kansa.

Ga yadda abin yake a aikace. Kusan wata biyu kafin littafi ya fito za ka zauna da kundin oda, ka ga hoton bango da layi uku na bayani, ka yanke hukunci. Ba ka karanta labarin ba, babu wanda ya karanta. Ka ce a kawo ashirin. Ranar Laraba kaya su iso, mutum goma sha biyu su saya. Takwas ɗin nan kuɗinka ne a kwance. Ka sa kowanne a leda da kwali a bayansa, ka jera a dogon farin akwatin nan, ka tura ƙarƙashin tebur. Ranar da muka rufe sai da na ƙirga akwatunan da ke ɗakin baya, na zauna a kan ɗaya na kasa tashi. Duk ribar da muke tunanin mun ci tana cikinsu, ƙura ta rufe.

Ummi Mai Zane:
Baba Tsohon Mai Shago, Allah ya mayar da alheri. Amma ku yi haƙuri in faɗi nawa ɓangaren, domin ni ce irin 'yar da Baban Ikram ke magana a kai, sai dai na girme ta.

Ni a Webtoon na fara, manhajar karanta labaran zane a waya. Ba wanda ya kai ni, ba wanda ya tambaye ni ko na san tarihin wani jarumi tun daga 1963. Na buɗe, na ga babi na ɗaya, na karanta kyauta. Naver na Koriya ta Kudu ne ya fara shi a 2004, ya buɗe wa sauran duniya a 2014, kuma tun asali don allo aka zana labaran, daga sama zuwa ƙasa, shi ya sa ba ka wahalar buɗa hoto da yatsu biyu. Manga kuma, wato labaran zane na Japan, tun 2019 kamfanin Shueisha ya buɗe manhajar Manga Plus, sabon babi na fita a Japan kana karanta shi a ranar.

Sau ɗaya na taɓa shiga shagon kwamik da niyyar saye. Na tarar da bango cike da lamba 47, lamba 112, lamba 9. Na tambayi wanda ke kan kanta ina zan fara, ya dube ni sama da ƙasa ya ce ya danganta, ya koma hirarsa. Na fita ban sayi komai ba. Kuma a Amurka dala huɗu zuwa biyar ake sayar da ƙwaya ɗaya mai shafi ashirin da 'yan kai, minti goma ka gama. Ku gaya mini dalilin da zai sa yarinya ta bar wayarta ta je can.

Baban Ikram:
Ummi, maganarki ta yi mini zafi amma ban ga ƙarya a ciki ba.

Mai Tara Kaya:
Ƙanwata Ummi, tambaya ɗaya zan yi miki. Abin da kika karanta a wayar, naki ne?

Ni na zuba kuɗi a ComiXology, dandalin sayen kwamik a karanta a allo, shekara da shekaru. An kafa shi a 2007, kuma a lokacin babu manhajar da ta kai shi daɗin karatu, yana bi da kai daga akwatin hoto zuwa akwatin hoto. Amazon ta saye shi a 2014. A farkon 2022 aka sauya masa fasali aka haɗe shagonsa da na Amazon, masu karatu suka yi ta kuka, a Disambar 2023 kuma aka rufe manhajar gaba ɗaya aka ce kowa ya koma Kindle, manhajar karatu ta Amazon. Littattafan ba su ɓace ba, gaskiya ne, amma a nan na gane cewa izinin karatu na saya, ba littafi ba. Ba zan iya ara wa aboki ba, ba zan iya sayarwa ba, ba zan iya bar wa ɗana gado ba. Na takarda kuwa yana nan inda na ajiye shi. Action Comics na ɗaya, wanda Superman ya fara fitowa a ciki a 1938, an sayar da kwafi guda dala miliyan 6 a 2024. Wane fayil ne zai taɓa yin haka?

Tsohon Mai Shago:
Malam Mai Tara Kaya, rabin farko na maganarka na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Rabin ƙarshen kuwa shi ne ainihin gubar da ta taɓa kusan hallaka sana'ar nan, kuma ba zan yi shiru ba.

A farkon shekarun 1990 aka cusa wa mutane cewa kwamik jari ne. X-Men na ɗaya na 1991 ya fito da bango kala biyar, aka buga sama da miliyan 8. A ƙarshen 1992 aka kashe Superman a labari, mutanen da ba su taɓa karanta kwamik ba suka yi layi suna sayen biyar-biyar, goma-goma, su ɓoye, wai za su biya wa 'ya'yansu jami'a da shi. Sun manta abin da ya sa na 1938 ke da tsada: yara sun karanta nasu sun yaga, iyaye sun zubar, ƙalilan ne suka tsira. Abin da mutum miliyan suka adana a leda ba ya tsada. Da aka farga, masu saye suka watse, shaguna suka rage da tarin kayan da ba a mayarwa. Dubbai suka rufe. Marvel kanta, mai buga X-Men, ta faɗa fatara a Disambar 1996. A lokacin wa ke da wayar shafawa? Babu.

Kuma har yau ba a daina ba. Kamfani zai ce idan kana son bango na musamman guda ɗaya sai ka yi odar ashirin da biyar na gama-gari, wani ma ɗari. Kwastoma ɗaya mai kuɗi ya matsa maka, ka yi odar, ka sayar masa da nasa, sauran su tafi ɗakin baya. Shi kuma ya aika wa CGC, kamfanin da ke tantance lafiyar littafi, su duba su ba shi maki su rufe a roba mai tauri, littafin da ba za a sake buɗewa ba har abada. Wannan ba karatu ba ne.

Mai Tara Kaya:
Baba, na ji. Amma mu masu tarawar nan mu ne ke zuwa duk Laraba ba fashi. Da babu mu da haya ma ba za a biya ba.

Tsohon Mai Shago:
Haka ne, kuma ban raina ba. Ku ne kuka riƙe mu. Damuwata ita ce duk shekara kuna ƙara shekara ɗaya, kuma ba na ganin masu shigowa a bayanku.

Anti Malama:
Sannunku da muhawara. Ni malamar makaranta ce, kuma ina so in gyara wani zato da ke yawo tun farkon zancen nan, wai yara sun bar takarda. Wallahi ba su bari ba. Ku ba yaro ɗan shekara takwas Dog Man na Dav Pilkey ku gani ko zai ɗaga kai. Littattafan nan miliyoyi ake sayarwa, haka na Raina Telgemeier, kuma kamfanin Scholastic har cikin makarantu yake kai su. Manga na takarda ma matasa na saye kamar me. Abin da ya faru shi ne yaran suna samun nasu a shagon littattafai na gama-gari, da laburare, da oda ta intanet. Shagon kwamik ne ba su sani ba, domin shekara da shekaru ya mayar da kansa gidan jarumai masu riga mai fuka-fuki, na maza manya.

Na taɓa sa wa 'yan ajina akwatin littattafan zane a bayan aji. Akwai wani yaro da ko sakin layi ɗaya ba ya iya gamawa sai ya fara wasa da biro. Sati uku bayan nan na same shi a lokacin tara, kowa ya fita, shi yana durƙushe gaban akwatin yana neman juzu'i na huɗu. Da bai samu ba ya zo ya tsaya a gabana ya ce, Anti wa ya ɗauka? Irin wannan yaron ne shago ke buƙata, kuma yana nan da yawa.

Sannan ku dubi Faransa. Tun 1981 suke da dokar da ake kira da sunan ministan al'adu Jack Lang: mawallafi ne ke yanka farashin littafi, kuma babu mai rage fiye da kashi 5 cikin ɗari, ko babban kanti ne ko Amazon. Don haka ƙaramin shago ba ya tsoron a karya masa farashi. Nasu littattafan zanen ma cikakkun littattafai ne masu bango mai tauri, ana ajiye su a kanta shekara da shekaru. Garin Angulem ya fara shirya bikinsu a 1974. Da gwamnati ta ba 'yan shekara 18 Yuro 300 na harkar al'adu a 2021, manga suka yi ta saye har jaridu suka riƙa yi wa shirin laƙabi da katin manga.

Ummi Mai Zane:
Anti, doka kaɗai ba ta isa ba fa. Japan ma suna da tsarin farashi ɗaya na littattafai, amma shagunan littattafansu raguwa suke ta yi. Mujallar manga ta Shonen Jump ta kai kwafi miliyan 6.53 a 1995, yanzu ta sauko ƙasa da miliyan ɗaya da rabi. Kuma a can kuɗin da manga ke samu ta allo ya riga ya wuce na takarda. Ba karatun ne ya ragu ba, wurin karatun ne ya sauya.

Anti Malama:
Wannan gaskiya ne 'yata, na karɓa. Amma ki lura, Japan mujalla ce mai arha da ake karantawa a jirgin ƙasa a yar. Irin wannan dole waya ta cinye shi. Abin da nake cewa shi ne littafin da mutum ke so ya ajiye, shi waya ba ta cinye ba tukuna.

Auwal Kati:
Ku gafarce ni manya, ina ta karantawa ban sa baki ba. Duk shagon da na sani yana numfashi yau, ba kwamik kaɗai ke riƙe da shi ba. Katin wasa ne. Magic: The Gathering tun 1993, Pokémon, da sauransu. Ranar Juma'a da yamma a jera tebura, mutum ashirin ko talatin su zauna wasa har dare. Wannan ne abin da waya ba za ta ba ka ba, mutum a gabanka kana ganin fuskarsa lokacin da ka ajiye katin da bai zata ba. Wanda ya zo wasa zai ga littafi a kanta, wata rana ya ɗauka. Ni haka na fara karanta kwamik, ta ƙofar kati na shigo.

Mai Tara Kaya:
Auwal, idan kashi bakwai cikin goma na shago kati ne da 'yan tsana, sunansa shagon kwamik har yanzu?

Auwal Kati:
Yaya, gara shago mai kanta uku na kwamik a buɗe da mai kanta goma a rufe.

Tsohon Mai Shago:
Auwal ya yi gaskiya, sai dai in ja kunne. Kati ma yana da irin zazzaɓin 1992. Lokacin korona farashin katin Pokémon ya haukace, masu neman riba suka shigo. Duk mai shagon da ya gina kansa a kan 'yan wasa zai daɗe. Wanda ya gina a kan masu saye su ɓoye, ya tuna da akwatunana.

Bari in koma kan Diamond da Baban Ikram ya fara da shi, don mutane su fahimci girman abin. Da korona ta zo, Diamond ya dakatar da kai sababbin kaya daga farkon Afrilun 2020 har zuwa wajen 20 ga Mayu. Da yake shi kaɗai ne bututun, sai kusan duk sana'ar ta tsaya cak, kusan sati bakwai babu sabon littafi daga wurinsa. Daga nan kamfanoni suka fara zamewa. DC, mai buga Superman, ta fita a Yunin 2020. Marvel ta koma Penguin Random House a Oktoban 2021. Image ta koma wani mai rarrabawa, Lunar, a 2023. Manya sun sami mafaka. Waɗanda nake tausayi su ne ƙananan mawallafa, mutum biyu ko uku da ke buga littafinsu, waɗanda kundin Diamond ne kaɗai hanyar da mai shago zai san da su. Shi kuma mai shago, da a wuri ɗaya yake oda, yanzu sai ya bi wurare uku ko huɗu, kowanne da ranar rufe odarsa da takardar kuɗinsa. Mutum ɗaya ne fa, shi ne mai kanta, shi ne akawu, shi ne mai shara.

Ko ranar kyautar kwamik da ake yi tun 2002, yawanci Asabar ɗin farko ta watan Mayu, mutane na zaton kamfani ne ke bayarwa. Mai shago ne ke sayen littattafan da kuɗinsa, a farashi mai sauƙi, ya raba. Yana yi ne da fatan cikin ɗari da suka shigo biyar za su dawo.

Baban Ikram:
Wallahi ban san wannan ba. Ni da nake zuwa in kwashi guda huɗu in tafi.

Tsohon Mai Shago:
Ba laifi, don haka aka yi ta. Abin da ya fi ciwo shi ne jakar ajiya. Kwastoma zai ba ka jerin littattafan da yake bi, kai kuma duk Laraba ka cire masa nasa ka sa a jaka mai sunansa. Amana ce, babu kuɗin gaba. Wani sai ya yi wata uku bai zo ba, jaka ta kumbura, ka kira bai ɗauka ba. Ka riga ka biya, kuma lokacin sayar da su ya wuce. Duk mai irin wannan jakar a cikinku, don Allah ko ya je ya karɓa ko ya kira ya ce a daina. Ba kunya ba ce.

Ummi Mai Zane:
Baba, kun sa na fara kallon mutumin da ya share ni a shagon nan da wani ido, ko da yake har yanzu bai kyauta ba. Kuma in faɗi gaskiya, akwai abin da ban ambata ba. Labaran da na fi so a waya, da aka buga su a takarda na saya. Lore Olympus a Webtoon ya fara, aka buga shi littafi a 2021, ya yi kasuwa sosai. Solo Leveling ma an buga shi littafi, ko da yake shi ba a Webtoon ya fara ba. Na riga na karanta su kyauta, amma na so in riƙe su a hannu. Sai dai ta intanet na yi oda, domin ban yi tunanin shagon kwamik zai san da su ba.

Anti Malama:
To kin ga inda gizo ke saƙar. Wayar ta riga ta yi wa shago talla kyauta, ta tara masa masu karatu miliyoyi, yawancinsu 'yan mata. Saura mai shago ya san sunan abin da suke karantawa, ya ajiye juzu'i na ɗaya a inda ido zai gani, ya amsa sallama da fuska a sake.

Tsohon Mai Shago:
Malama, da na san wannan da wuri da wataƙila ban rufe ba. Mun yi ta zuba kuɗi a ƙwayoyin wata-wata saboda su muka iya. Cikakken littafi kuwa ba ya tsufa, juzu'i na ɗaya na labari mai kyau za ka sayar da shi bana, ka sake oda, ka sayar baɗi. Amma ban yarda cewa gyaran hali kaɗai zai wadatar ba. Muddin kamfanoni ba su yarda su raba asara da shago ba, ko da a kan sababbin labarai ne kawai a bari a mayar da abin da bai ƙare ba, mai shago zai ci gaba da tsoron gwada sabon abu. Wasu kamfanonin suna yin hakan jefi-jefi a lambobin farko. Ya kamata ya zama ƙa'ida.

Baban Ikram:
Na gode ƙwarai jama'a. Na yanke shawara ranar Asabar zan ɗauki Ikram mu je shago tare, karo na farko a rayuwarta. Baba Tsohon Mai Shago, me zan ce a ba ta?

Tsohon Mai Shago:
Kada ka ce komai. Ka bar ta ta buɗe wayarta ta nuna wa mai shagon abin da take karantawa, ta tambaye shi da bakinta. Kada ka saya mata ƙwaya ɗaya mai lamba a tsakiyar labari, a ba ta juzu'i na ɗaya cikakke. Idan babu, ka ce ya yi muku oda, yawanci sati ɗaya ko biyu ne. Kuma idan ya iso ku je ku karɓa.

Ummi Mai Zane:
Baban Ikram, don Allah in kun dawo ka gaya mana abu biyu: ko mai shagon ya gane sunan labarin, da kuma ko ita ya kalla lokacin da yake ba da amsa ko kai.